Shaidu Uku a Bangon Habboba

Talata, 13 ga Oktoba, 1992

Jiya ƙasa ta yi rawa a nan Masar. Daidai la'asar. Ina tsakar gida ina daka sandal na turaren kakata Habboba, sai na ga turmi yana tafiya shi kaɗai. Tattabarun unguwa suka tashi lokaci ɗaya, mata na ihu ta kowane lungu. An ce minti ɗaya ta yi. Ni dai na karanta Ayatul Kursiyyu sau biyu da rabi, da sauri irin wanda Malam ya yi shekara tara a garinmu Mayurno yana nema daga bakina da bulala bai samu ba.

Na haura sama a guje. Na tarar da kakata zaune a bakin gado, ƙura ta yi mata rawani, kofin shayi a hannu. Ta ce, “Mijin banza. Sai da ƙasa ta gama sannan ka zo ɗaukar amaryarka?” Na ce ai tsayawa na yi in ga ko Allah zai yi mini canji da sabuwa. Ta jefe ni da takalmi. Lafiyarta ƙalau ke nan.

Amma bangon ɗakinta na yamma ya tsage, daga gefen taga har ƙasa. Bakin wuƙa yana shiga.

Littafin nan Lawal ne ya ba ni, abokina ɗan Najeriya da ke karatu a Azhar, wai in riƙa rubuta sunayen matan da nake kai wa turare. Sunayensu na haddace. Gara in rubuta wannan.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Gida ya zama namu mu biyu. Mai gyaran takalma da ke haya a ƙasa ya kwashe iyalinsa jiya.

Kawu Al'amin ya zo daga unguwar Hayyin Ashir da tasi, wai yalla, maza a ɗaure kaya. Habboba ta ce kakana shekara talatin da ɗaya ya yi yana gadin ƙofar gidan nan, a ɗakin nan na sama ya cika, ita ma daga nan za a sauko da ita. “Ban zuwa akwatin siminti hawa na biyar, ni ba tattabara ba ce.” Kawu ya yi ta faɗa, rabi Hausa rabi Larabci, ya koma da tasinsa wayam.

Ni ban ga abin riƙewa a gidan nan ba. Tsohon dutse ne da ya koma kalar toka, an ce wani attajirin kofi ya gina shi shekara ɗari uku da suka wuce. Zaure a karkace, sai ka karya hagu ka karya dama kafin ka ga tsakar gida. Tagogin katako masu ido-ido, mashrabiya, waɗanda ni ke shan wahalar kakkaɓe su. Ga ɗan allon ƙarfe mai lamba a bakin ƙofa, wai gidan tarihi ne, ko ƙusa ba a bugawa sai da takarda. Abu ɗaya nake so, malƙaf. Wani baki ne da aka gina a kan rufi yana kallon arewa, yana kamo iska ya sauko da ita har babban falo na ƙasa. In ka cusa kai ciki ka yi magana, a falon muryarka take fita. Turawan da na kora da shi sun fi goma.

Lahadi, 25 ga Oktoba

Hukumar kayan tarihi ta aiko mutum. Muhandis Husam, injiniya ke nan. Siriri, tabarau mai kauri, takalmi duk ƙura. Yana dafa bango da bayan hannu kamar uwa mai jin zazzaɓin ɗa. Na raɗa masa Likitan Bango.

Da ya shiga falon ƙasa shi kaɗai na haye rufi, na sa baki a malƙaf, na kauraro murya: “Wa ya ba ka izinin shiga gidana?” Can sai na ji murya ta hawo: “Ya sidi aljani, tunda kana sama, duba mini ko katakon bakin malƙaf ɗin ya tsage.”

Kunya kamar in nutse. Na duba. Bai tsage ba.

Sannan ya kwaɓa gibis, farin garin nan da asibiti ke ɗaure karaya da shi, ya manna faci uku a kan tsagar. Ɗaya a ƙasa, ɗaya a tsakiyar matakala, ɗaya a ɗakin Habboba. Kowanne bai fi tafin hannu ba. Ya rubuta kwanan wata a jikinsu da fensir. Na ce ya bashmuhandis, wannan ne zai riƙe bango? Ya ce a'a, waɗannan shaidu ne. Gibis ba ya miƙewa. In bango ya motsa ko da faɗin gashi, sai ya tsage. In sun zauna lafiya, to girgiza ta yi ɓarnarta ta wuce, hajja ta yi zamanta. In sun tsage, bango yana tafiya, dole a fitar da mutanen gida har a gyara. Duk Lahadi biyu zai zo ya gani.

Habboba ta ce mini da Hausa don kada ya ji: “To. Yanzu zamana a hannun ƙullun koko yake.”

Litinin, 26 ga Oktoba

Na zana wa shaidar matakala tabarau da gawayi. Kamar an tsaga kara da Likita. Habboba ta sa na goge, bayan ta gama dariya.

Lahadi, 8 ga Nuwamba

Likita ya zo. Shaidu uku lafiya. Habboba ta ba shi shayi da kirfa, ya zauna, surutu ya ɓarke.

Mutumin nan in ya fara maganar dutse ba ya numfashi. Ya jiƙa tsumma ya goge bangon tsakar gida, sai ga layi ja, layi fari, layi ja. Shekara huɗu ina gidan nan ban san bangon yana da kala ba. Ya nuna mini ƙananan alamomi da aka sassaƙa a jikin duwatsu, wannan tauraro, wancan kamar ƙafar kaza. Wai kowane magini da tasa, don a san aikin wa. Ya ce zauren da nake zagi, an karkata shi ne don mai wucewa a titi kada ya hango matan gida. Na ce ai mu ma haka zaurenmu yake, mun riga ku. Ya ce tamam, daidai ne, to ka daina zaginsa.

Yana cikin wa'azi na zare tef ɗin awonsa na tura cikin tulun turare. Ya yi ta lalube. Yanzu duk gidan da ya je awo, ƙamshin amare zai riƙa binsa.

Laraba, 18 ga Nuwamba

Shaidar sama ta tsage.

Na kai wa Habboba ruwan alwala na gani, bayan labule. Siririn layi, kamar an ja zare. Ita ba ta gani ba, idonta ba ya kaiwa nan.

Alhamis, 19 ga Nuwamba

Khalas, shi ke nan, na gyara.

Habboba ta tafi kai turare unguwar Sayyida Zainab da hantsi. Na sayo gibis kaɗan a leda. Na kankare tsohuwar da wuƙa, na zuba gutsattsarin a gwangwanin halawa, na kwaɓa sabuwa na manna, na lallaɓe ta da bayan cokali. Da ta bushe na shafa mata ruwan shayi don farin ya ɗan mutu. Rubutun Likita kamar tsakuwa ta faɗa a tawada, amma ni fa shekara tara na yi ina kwaikwayon hannun Malam a allo. 25 ga wata goma. Ko shi ba zai rantse ba.

Gidan da ya yi shekara ɗari uku a tsaye ba zai faɗi don gashi ɗaya ba. Su hukuma in sun fitar da mutum, wa ya taɓa ganin sun maido shi? Tsohuwar nan in aka kai ta hawa na biyar, wata ɗaya ba za ta yi ba.

Lahadi, 22 ga Nuwamba

Likita ya sa tabarau, ya cire, ya mayar. Ya kai hanci har kusa da gibis ɗin. Ni ina tsaye a bayansa.

“Tamam.”

Wannan ita ce babbar tsiyar da na taɓa shukawa a rayuwata, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Wasa in babu mai dariya ba shi da daɗi, ashe.

Asabar, 12 ga Disamba

Ta sama kuma. Da ta matakala. Na gyara duka biyun.

Alƙalamina na kara yana shiga tsagar yanzu. Da bai shiga ba.

Jumma'a, 1 ga Janairu, 1993

Lawal ya biyo ni gida bayan masallaci, ya ci kisra, wainar dawan nan mai faɗi, da miyar kuɓewar Habboba har yana lasar hannu. Cikina ya kasa riƙewa, na ja shi kan rufi na gaya masa.

Na zata zai faɗi don dariya. Sai ya ɓata fuska irin ta shehunnansu. “Ya akhi, wannan ai shahadatuz zur ce. Ka sa bango ya yi shaidar ƙarya.” Na ce to sai ka kai bangon kotu, Sheikh. Ya ce kai komai wasa ne. Na ce kai kuma komai babi ne a littafi. Na ɗaure masa igiyar takalmansa biyu kafin ya sauka, amma bai kula ni ba, ya kwance ya tafi.

Da safe na riga na yi gyara na uku. Duka ukun wannan karon. Ƙaramin yatsana ya shiga har gaɓa ta farko. Gwangwanin halawa ya kusa cika.

Lahadi, 17 ga Janairu

Likita ya zo da fara'a, har da ledar lemu wai na hajja.

Ya ce mabruk, wato barka. Wata uku shaidu ba su yi tari ba, ya rubuta rahoto, bango ya tsaya. Habboba ta yi guɗa. Sai ya ƙara da cewa dama ya yi ta rigima a ofis har aka ware wa gidan nan katakon tokare bango, manyan gungume goma sha biyu, saboda gidajen da suka ji ciwo sun fi katakon yawa nesa ba kusa ba. To tunda namu lafiya, ya sa a kai su wani ƙaramin masallaci can gaba. Ya cire mu daga jerin gaggawa. Ba zai dawo ba sai bayan sallah.

Ya ɗan tsaya gaban tsagar yana kallo. Ya ce, “Abin mamaki, idona yana ce mini ta ƙara faɗi. Amma ido yana ƙarya, gibis ba ya yi.”

A zaure ya dafa kafaɗata. “Ka riƙe mini gidan nan, ya aljani. Irinsa mai malƙaf da ke aiki har yau, ba su cika hannu ɗaya ba a unguwar nan.”

Na rufe ƙofa a bayansa.

Litinin, 18 ga Janairu

Lemun ba shi da zaƙi. Ko bakina ne.

Asabar, 23 ga Janairu

Na huɗu. Ban ma san don wa na gyara ba, tunda ba mai zuwa dubawa. Babban yatsa. Ƙofar ɗakin Habboba ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa.

Laraba, 27 ga Janairu

Da hantsi Habboba tana shanya turare a faranti a tsakar gida, ta tashi ɗauko marfi. Wani dutse kamar kan rago ya ɓallo daga ƙarƙashin tagarta ya dira a kan farantin. Daidai inda take zaune. Farantin ya naɗe kamar takarda.

Na ɗauki dutsen. Akwai ƙafar kaza a jikinsa.

Na fara kame-kame, ta ce in yi mata shiru. “Cokalin shayina ya sha gibis sau huɗu. Ka ɗauka makauniya ka aura?” Ashe tun ta farko ta sani. Ta ce Allah ya yi mini albarka, ba wanda ya taɓa yi mata irin wannan, ko 'ya'yan cikinta. Ta ce in bar shi haka. Ita ta ci zamaninta, in bango ya ga dama ya rufe ta a inda mijinta ya cika, ai ya rage wa Al'amin kuɗin tasi. “Ka yi mini alkawari, maigida. Bakinka alaikum.”

Na ce wane ango ne ke yin alkawari bai ci abinci ba. Ta yi dariya. Ta ɗauka na yi.

Na fita in sha iska, na zagaya ta bayan gida, abin da ban cika yi ba. Bangon yamma ta waje, a kan lungun gidan burodi yake. Ya yi ciki kamar mai wata bakwai. A gindinsa mata ne a layi suna jiran burodi, sun jingina da shi don inuwa, wata da jariri a kafaɗa. Na ƙirga goma sha tara, na daina.

Alhamis, 28 ga Janairu

Na ɗauki gwangwanin halawa da dutsen da littafin nan, na tafi masallacin da aka kai katakonmu. Ban gaya mata ba.

Na sami Likita yana sa leburori sauke gungume. “Ahlan, aljani!” Na buɗe gwangwanin a gabansa. Gutsattsarin gibis, kowanne da ɗan guntun rubutun 25 ga wata goma.

Ya cire tabarau. Ban taɓa ganin idonsa tsirara ba, ƙanana ne, jajaye don rashin barci. Da ya mare ni da na fi jin daɗi.

“Sau nawa?”

Na ce huɗu.

“Yaushe da yaushe? Faɗinta nawa kowane karo?”

Na miƙa masa littafin. Ya buɗe, ya juya shi, ya ce wane irin Larabci ne wannan? Na ce haruffan naku ne, maganar tamu ce. Ya zaunar da ni a kan gungume ya ce in karanta in fassara, kada in tsallake komai. Na so in tsallake Likitan Bango, ya ce ya ga idona ya yi tsalle, in koma. Na fassara. Na fassara tef a tulun turare. Leburori suna ta ƙyaƙyatawa. Shi yana rubutu: wuƙa, alƙalami, ƙaramin yatsa, babban yatsa. Ya kama hannuna ya auna yatsun da tef ɗin nan, har yanzu yana ƙamshi.

Sai ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, “Da ka bar ta farko ta yi magana, aikin wata biyu ne. Mu tokare, mu ɗinke, hajja ta dawo kafin azumi. Yanzu sai an sauke bangon nan dutse-dutse.”

Na ce ma'alish, ya yi haƙuri. Ban taɓa jin kalmar nan ta yi ƙanƙanta a bakina kamar yau ba.

Ya ce wa leburorin su mayar da shida cikin mota. Kafin la'asar an tare lungun burodi da igiya.

Alhamis, 4 ga Fabrairu

Kawu ya zo da tasi, wannan karon bai koma wayam ba.

Habboba ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a ƙarƙashin malƙaf ta buɗe mayafi iska ta shiga, ta daɗe. Ta ba Likita mabuɗin ƙofar, babba mai nauyin taɓarya, na kakana. Ta ce masa ya riƙa sa masa mai.

Na ɗauki ƙunshinta, ta ce, “Ajiye, Munir. Al'amin zai ɗauka.”

Munir. Tun da aka haife ni ban ji sunan nan a bakinta ba.

Lahadi, 28 ga Fabrairu, shida ga azumi

Buɗa baki a gidan Kawu. Hawa na biyar, taga ɗaya, fanka tana juya zafi. Habboba tana zaune a kusurwa da carbi. Na sa mata gishiri a ruwan kirkade, wato zoɓo, don in ga ko za ta jefe ni. Ta kurɓa, ta ajiye kofin, ta ce wa matar Kawu ta kawo wani. Shi ke nan.

Ta rame.

Asabar, 10 ga Afrilu

An daɗe ban rubuta ba. Hannu duk ya faffashe.

Likita ya sa an ɗauke ni gadin gidan. Na ce bayan abin da na yi? Ya ce ɓarawon da ya san inda tagar take shi ya fi iya rufe ta, kuma ba a jin daɗin aiki a gidan da babu aljani. Mabuɗin kakana yana wuyana. Ina sa masa mai. Ba don komai ba, cijewa yake.

Sun gano ciwon. Ba girgizar kaɗai ba ce. Wani bututun ruwa ne ya yi shekaru yana yoyo a ƙarƙashin bangon, ƙasa ta zama kunu. Sannan wani mai kirki can baya ya shafe gindin bangon da siminti, ruwa ya rasa ta inda zai fita, ya hau cikin dutse da gishirinsa yana cinye shi ta ciki. Likita ya ce dutsen nan numfashi yake, siminti maƙure shi yake yi. Da jir ake gina shi, farar ƙasar nan da ake jiƙawa a rami har wata da watanni.

Aikina, ban da gadi, rubuta lamba a kowane dutse kafin a sauke shi, don ya koma mazauninsa. Ya ce hannuna ya fi nasa kyau, kuma shi ne shaida. Dutse ɗari biyu da goma sha huɗu. Mai ƙafar kaza ya yi sittin da ɗaya, mai tauraro arba'in kacal. Malalaci ne mai tauraro, aikinsa ma a karkace. Da mun zauna zamani ɗaya da ya sha tsokana.

Laraba, 5 ga Mayu

Wasu Turawa biyu sun leƙo. Na riga na kai ƙafa matakala zan hau malƙaf, sai na ga matar tana ƙoƙarin ɓallar ɗan guntun mashrabiya wai ta tafi da shi. Na daka mata tsawar da ba ta buƙatar malƙaf. Katakon nan babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, haɗa shi aka yi ɗaya cikin ɗaya. Ka zare guda, layi ya warware.

Kai. Na fara magana kamar Likita. Allah ya kiyaye.

Lahadi, 13 ga Yuni

Bango ya koma tsaye, ja da fari. Dutsen da ya naɗe farantin Habboba ya koma ƙarƙashin taga, lamba ta 163.

Likita ya manna sababbin shaidu uku a inda sabon aiki ya haɗu da tsoho. Wannan karon ni ya ba fensir. Ya ce ɗakin sama kam ya fita daga hannunmu, hukuma ba za ta bari a kwana a ciki ba. Amma ɗakin zaure na mai gadi ne, kuma mai gadi yana da iyali. In shaidun nan suka yi wata uku lafiya, 12 ga Satumba zai sa hannu hajja ta dawo. In sun tsage, a sake duba gindi, a sake wata uku.

Na je na gaya mata. Ta ce, “Allah ya kai mu, Munir.” Amma na ga ta fara tambayar matar Kawu ina aka sa tulun turarenta.

Alhamis, 5 ga Agusta

Lafiya duk ukun. Lawal ya zo, ya kai yatsa zai taɓa ta ƙasa, na buge hannun. Ya ce, “Subhanallah, ya Sheikh Munir.” Ɗan iska.

Zafi a gari kamar gidan burodi, amma falon ƙasa sai ka nemi mayafi. Can hawa na biyar fa?

Asabar, 11 ga Satumba

Shaidar matakala ta tsage. Da safe na gani, bayan na dawo daga sayen wake. Siririn layi, sai ka karkata kai haske ya buge shi sannan ka gan shi. Ko bakin wuƙa ba ya shiga. Ƙila ma ba komai ba ne, sabon gini yana neman wurin zama.

Gobe ne.

Ba kowa a gidan, ma'aikata sun gama tun makon jiya. Ragowar buhun gibis yana nan a bayan ƙofa. Ga famfo. Kuma rubutun da ke jikinta nawa ne, ba sai na kwaikwayi kowa ba.

Na zauna a matakalar har aka kira azahar.

Na ɗauki fensir na rubuta 11 ga wata tara a gefenta, na ja ɗan kibiya zuwa layin don kada tabarau ya tsallake.

Na hau mikrobas, ƙaramar bas, zuwa Hayyin Ashir wurin Habboba. Na tarar ta ɗaure kaya ƙunshi uku, tulun turare a sama, har ta yi lalle. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa mata kai tsaye, babu wasa, don na nemi wasan a hanya ban samu ba.

Ta dube ni ta ce, “Gibis ya ƙare a Masar ne?”

Na ce yana nan, rabin buhu.

“Cokali fa?”

Na ce akwai.

Ta juya ta fara kwance ƙunshi na farko, a hankali, kulli ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa in taya ta. Sai na ji takalmi a ƙeyata, tas.

“Tashi ka ba ni wuri, mijin banza. Mace ta yi lalle ta jira, ango ya zo mata da wata uku. Haka kakanka yake, taurin kai kamar dutsen gidan. Ka ci abinci?”

Na zauna na ci. Ta cika mini gishiri a miya da gangan, ta zauna tana kallona har na share kwanon.

Na haɗu da Lawal a hanyar dawowa, ya tambaye ni me ya hana ni gyara ta, na ce ƙyuyar kwaɓi ce kawai, gibis yana ɓata farce. Gobe in na yi asuba sai in duba sauran biyun kafin Likita ya iso. Kuma mabuɗin nan yana son mai.